Ranar da Alfari Ya Kashe Injinsa

Shekara talatin da ɗaya ke nan, da an sallame sallar asuba a Gaya, Baba Alfari zai buɗe rumfarsa ta bayan kasuwa, ya duba bel, ya zuba mai, ya tada injin niƙa. Kafin rana ta ɗaga, ƙoren mata sun yi layi har bakin hanya. A watan nan ya ajiye aiki, don ƙarar inji ta cinye masa ji. Kafin a manta, bari mu faɗi abin da mutane suka gani da idonsu.

Wata ranar kasuwa, shekarun baya, wata mata Hasiya ta zo daga Tounouga da gero tiya goma, za a yi sunan jikanta. Ya niƙa mata, ya niƙa na Kande maƙwabciyarsa, Kande kuwa ta ɗauki garinta ta wuce gida da sauri. Hasiya tana ɗaure buhu sai wani wari ya daki hancinsa. Ya damƙi garin Hasiya, ya shinshina.

"Iya, ina kika samo geron nan?"

"A kasuwa na saya. Lafiya?"

"Wannan iri ne na shuka, an zuba masa maganin ƙwari. Wanda ya ci, sai dai wani ikon Allah."

Nan take ya kashe inji. Mata suka hau surutu, wata tana cewa rana na yi, wata tana cewa tsufa ne ya fara taɓa shi. Hasiya ta riƙe buhunta tana rantsuwa ba mai zubar mata da abincin suna. Bai tsaya gardama ba, domin ya tuna garin Kande ya bi ta cikin injin nan bayan na Hasiya. Ya fita a guje, ko takalmi babu.

Ya tarar Kande ta riga ta dama kunu, 'ya'yanta uku sun kewaye ƙwarya, kowa da ludayi a hannu.

"Kada wanda ya sha!" Ya sa ƙafa ya kifar da ƙwaryar.

Kande ta miƙe a fusace, amma da ta ji dalili, sai ta zauna a ƙasa. Ta rungume yaran tana salati.

Ya koma ya lallashi Hasiya, ya ɗebo gero daga rumbunsa ya ba ta, aka binne gubar. Kwana biyu yana kwance inji yana wankewa.

Baba Alfari, kai ne mai hancin da ya fi idon wasu gani. Kai ne ka yarda a zage ka, a kan a yi makoki a unguwa. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku masu niƙa da kuka gaje shi, ku riƙa shinshina abin da aka kawo muku. Cikin yaran nan uku na Kande, babbar tana jego yanzu.