Kwabban Baba Soja a Ƙuguna

Ranar wata Alhamis a daminar 2004, bayan sadakar arba'in ɗin kakana, na dawo daga firamare na tarar da Baffa Modu, ƙanin babana, a gindin darbejiyar gidanmu na Azare. Ya ajiye ƙoƙon jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka a gabansa, yana dirzar wani abu kamar mai wanke gindin tukunya. Da ya ɗaga shi sama na ga ja jawur yana walƙiya. Ɗaya daga cikin kwabban Baba Soja ne aka feɗe. Na jefar da jakata na tambaye shi wa ya ba shi. Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana, ya ce tagulla ce mai kyau, ranar Asabar zai kai gwangwanin kwabban gaba ɗaya maƙera a narka a yi zobba, tunda masu sanyin ƙashi suna neman zoben tagulla ido rufe.

Baba Soja shi ne kakan nawa, mutumin Borno da ya yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama yana saurayi, ya dawo ya yi noman gero a Katagum, tsufa ya kawo shi Azare. Abin da ya ciyo a yaƙin bai wuce ciwon tari ba, sai wani gwangwani cike da ƙananan kwabbai masu huda a tsakiya, waɗanda ya ce da su suke sayen shayi a can. Duk sun yi duhu, wasu kamar ƙwallon dabino, wasu da ɗan kore a gefe. Sauran jikoki suna can wajen langa da 'yar carafke, ni kuwa da na gama shara na ba awaki dusa, sai in tare a bakin buzunsa. Shi ya koya mini gwaji da mayen ƙarfen da muka ciro daga mataccen rediyo. Kwabon zamaninmu, wanda ko mai ƙosai ta daina karɓa, caraf yake maƙalewa, domin baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ja. Nasa kuwa ko gezau, don tagulla ce aka sirka da ɗan kuza ta yi ƙarfi. Duk ranar da na ce bari in wanke masa su, amsarsa ɗaya ce: "Duhun nan ba dauɗa ba ce, shekaru ne. Wanda ya goge shi ya goge ni." Kuma a gaban kakata, Iya Yagana, ya ce ya ba ni su halak malak.

Na faɗa wa Baffa haka, ya ce 'yar shekara goma ba ta sa baki a kayan mamaci. Babana direba ne, yana can hanyar Maiduguri. Mahaifiyata ta ja kunnena, ta ce ƙanin uba ai uba ne. Na yarda, amma ban ga inda aka ce uba ya narka kyautar da ba tasa ba. Dabara ta rage ga mai shiga rijiya. Washegari da maza suka tafi masallacin Juma'a, na shiga ɗakin marigayin na zazzage gwangwanin, na zura kwabban a zaren kitso mai kauri, na naɗe su da tsumma don kada su yi ƙara, na ɗaura a ƙuguna ƙarƙashin zane. Na san a gidanmu babu namijin da zai buɗi baki ya ce wa 'ya mace ta nuna jigidarta.

Ranar Asabar Baffa ya birkita gidan, har rumbu da akurkin kaji ya leƙa. Da ya zo kaina ban yi masa ƙarya ba, na ce suna wurina kuma ba zan bayar ba. Na sha tsumagiyar darbejiya a ƙafafu, na yi kuka har da majina, amma ban faɗi wurin ba. A makaranta na daina tsallen igiya, ƙawayena suka ce girman kai na soma. Abin da ban lissafa ba shi ne gumi. Ya ratsa tsumman, tagulla ta zana mini koren layi a fata, ga ƙaiƙayi kamar in yi hauka. Iya Yagana ce ta gani, ranar da take shafa mini man kaɗanya a sawun bulala. Ta daɗe tana kallo, na ɗauka tawa ta ƙare. Sai ta gyara mini ɗaurin, ta aika a kira Baffa, ta ce:

"Modu, kayan da kake nema suna ƙugun 'yarka. In kana da idon kwancewa, bisimilla."

Baffa ya sunkuyar da kai ya fice. Da yamma na tsinci gogaggen kwabon nan a kan turmi, babu wanda ya ce ga wanda ya ajiye shi. Na zura shi cikin 'yan'uwansa, yana ta ƙyalli shi kaɗai, abin tausayi.

Yau a Azare ko mai keke napep ta waya ake tura masa kuɗinsa, 'ya'yana kuwa ba su taɓa sayen alewa da kwabo ba. Baffa ya tsufa, gwiwa ta sa shi gaba, ni na sayo masa zoben tagulla a kasuwa, har yanzu kuma "Mai jigidar ƙarfe" yake kirana. Iya Yagana ta bi mijinta, darbejiyar ma an sare ta an yi shago. Kwabban suna nan a zarensu, nakan fito da su in na yi kewar tarin tsohon nan da warin buzunsa. Gogaggen ya soma yin duhu, amma bai kamo sauran ba. Abin da tsamiya ta cire a yini guda, shekara ashirin ba ta mayar ba.