Turken Iyaka a Ƙasar Marmara

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki na fara aiki a wani ƙaramin ofishin safiyo, na masu awon filaye, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Muna da na'urar gano ƙarfe guda ɗaya, wadda muke neman turakun ƙarfe na iyakar fili da ita idan ƙasa ta binne su. A rairayi tana jin ƙarfe ko ya kai kamu guda a ƙasa. A jar ƙasa mai marmara kuwa, ƙasar kanta cike take da ƙarfe, sai na'urar ta yi ta kuka babu dalili. Dole ka rage mata ƙarfi, kuma da ka rage, da ƙyar take wuce taƙi ɗaya. Na san wannan sarai.

Mai unguwarmu ne ya aiko a kira ni bayan Ƙofar Guga. Wani Alhaji, abokin mahaifina, zai ja katanga. Maƙwabcinsa tsohon malamin firamare ne, Kirista daga Filato, shi ya koya mini lissafi a aji huɗu. Malam ya ce turken iyaka yana gaban rijiyarsa. Alhaji ya ce a'a, bayanta yake. Wato idan maganar Alhaji ce daidai, rijiyar ta bar hannun Malam.

"Ga ɗanmu ya iso," in ji Alhaji. "Jami'a ya yi, ba wasa ba. Yau inji zai raba mu, Malam, ba allo da alli ba."

"Ai ni na koya masa ƙirga," Malam ya ce yana dariya. "Idan ya yi kuskure, laifina ne."

Na fara daga inda Malam ya nuna. Na'ura ta ɗauki kuka ko'ina, har mutane suka fara raha wai ta ga aljanu. Kunya ta kama ni, na murɗa na rage ta. Ta yi tsit. Na lura wurin ciko ne, an zuba marmara mai kauri saboda ruwan damina, ina jin zurfinsa ya fi gwiwa. Ko turke yana nan, ba za ta ji shi ba.

"Mi ta ce?" mai unguwa ya tambaya.

"Ba ta ji komai ba, ranka ya daɗe."

Gaskiya na faɗa, amma rabinta. Sauran yana bakina. Sai na ga kamar in na ce na'urar ba ta iya wannan ƙasa ba, karatuna ne bai iya ba. Wataƙila kuma kunyar idon Alhaji na ji. Har yau ban san wanne ya fi ba.

A inda Alhaji ya nuna babu ciko. Na'ura ta yi ƙara sau ɗaya, aka haƙa kaɗan, aka ciro guntun rodi mai tsatsa. Irinsa yana kowane kango a garin nan.

"Wanga shi ne turken?" in ji mai unguwa.

"Zai iya yiwuwa," na ce.

Babu wanda ya ji "zai iya". Malam ya karɓi rodin ya jujjuya shi, ya dube ni, ya ce, "To, tunda kai ka auna." Ya miƙa wa mai unguwa, ya shiga gida.

Cikin mako biyu katanga ta tashi. Ba zan ce Alhaji mugu ba ne, don ya ce a riƙa zagayowa ana ɗibar ruwa. Sai dai matar Malam ba ta saba sallama a ƙofar wani kafin ta ɗebi ruwa ba. Na fara ganin 'yan garuwa suna tsayawa a gidansu, na kuma sauya hanyar zuwa aiki.

Na fi wata ina juya abin kafin na koma wurin mai unguwa. Bayan doguwar gaisuwa na yi masa bayanin ciko da marmara da zurfi, ina ta kwana-kwana. Ya saurara har na gama.

"Yanzu kana nufin turken yana inda Malam ya ce?"

"Mai yiwuwa ne, sai an haƙa."

"A rushe katangar mutum a kan mai yiwuwa? Ka tabbata, ko ba ka tabbata ba?"

"Ban tabbata ba, ranka ya daɗe."

Ya jawo takalmansa, lokacin la'asar ya yi.

"To, ka gaida mahaifinka," ya ce.