Kwanakin Hazon Baba Tanki

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki guda a ƙaramin filin jirgin da ke bakin hamada: ya hau benen ofishin yanayi da sassafe, ya duba iyakar inda ido ke kaiwa, ya rubuta. Alamominsa uku ne: tankin ruwa mai nisan kilomita ɗaya, turken waya mai huɗu, sai wani dutse can mai goma. In farin hazon safiya ya haɗiye tankin, jirgi ba zai sauka ba. Shi ya sa direbobi da masu shara suka raɗa masa Baba Tanki.

Ba shi da fara'a, bai kuma iya komai ba sai wannan. Ko ƙwan lantarki matarsa ke sauyawa. Amma bai taɓa rubuta abin da bai gani ba. Ranar da aka yi masa haihuwar fari ma sai da ya hau benen tukuna.

Saura wata biyar ya yi ritaya wata malamar jami'a ta zo. Littattafan tashoshin hamada take bi, don ta ga yadda hazo ya sauya cikin shekaru. Kwana biyu tana buɗe nasa, sannan ta cire tabarau.

"Baba, duk tashoshin da na duba hazo raguwa yake. Kai kuwa a da kwana shida kake samu a shekara, yanzu ashirin da uku. Yaushe rabonka da likitan ido?"

Ba ta ɓoye masa ba. In idonsa ne, shekara goma sha biyun ƙarshe da hazon ya ƙaru za ta watsar, sauran ma an dinga shakka ke nan.

Da ya faɗa wa matarsa, ko ɗagowa daga wanke-wanke ba ta yi ba.

"Ni ai na daɗe da sani, Malam. Shekaranjiya buhun gawayi ka gaisar a ƙofar gida."

"Ke dai bari."

"Har da ina gajiya."

Bai yi dariya ba. Ya kai shekara uku idonsa na hagu yana gani kamar ta cikin leda, ya ƙi faɗa wa kowa.

Washegari ya sa rigarsa ta kirki, ya je ya faɗa wa malamar gaskiya. Ta jinjina kai, ta fara haɗa littattafan, sai ta tsaya a kan wani shafi.

"Wannan ɗan zagayen da kake yi a gefen layi fa, na mene ne?"

Kunya ta kama shi. Tsohon da ya koya masa aiki ne ya saba masa: kafin ya ɗaga ido, ya shafa ƙarfen benen da tafin hannu. In ya ji shi a jiƙe, ya yi zagaye. Babu gurbinsa a fom, har sau biyu hedikwata ta aiko masa da takardar gargaɗi kan ɓata littafin gwamnati. Hannun ne ya ƙi dainawa.

Malamar ta ja kujera ta zauna. Sai la'asar ta gama. A kwana ashirin da uku na bara, ashirin da ɗaya duk da zagaye, sauran shekarun ma kusan haka.

"Baba, ciwon ido ba ya jiƙa ƙarfe. Me aka yi a nan shekara goma sha biyu da suka wuce?"

Direban ofis ne ya amsa daga bakin ƙofa.

"Gonakin ban-ruwa mana, Malama. Bayan dutsen can, tafkuna ne reras. Sauro ma da ba mu da shi, yanzu ya fi mu yawa."

Ta je ta gani da idonta, ta dawo da taɓo a takalmi. Danshin tafkunan ne ke kawo hazon. Littattafan za su shiga bincike gaba ɗaya, in ji ta, ban da 'yan kwanakin da ba zagaye.

"'Yata, waɗannan ma hazo ne."

"Baba!"

"To, shi ke nan. Cire."

Ya tuƙa babur ɗinsa gida a hankali, ya zauna kan tabarma ya miƙe ƙafa, ya ba matarsa labari tun daga farko, har da wuraren da ta riga ta sani. Ta bari ya kai ƙarshe.

"Madalla, littafi ya tsira. Litinin kuma asibiti, ko da ƙafarka ko a baro."