Faifan Hajiya a Kan Kwanonmu

Wata Juma'a ce, a shekarar da jam'iyyu suka fara kafa tutoci a Maraɗi, ina 'yar shekara goma, na biyo Inna zuwa gida ɗauke da kwanonta cike fal kamar yadda na kai shi. Ko yatsa ba a sa ba. Ta ɗaga faifan, ta dubi kwaɗon zogalen da ta wuni tana gyarawa, ta mayar ta rufe. Karo na uku ke nan. "In ya sake dawowa haka, na bar zuwa," ta ce.

A layinmu na Sabon Gari mata suna ciyayya duk Juma'a bayan la'asar, a tsakar gidan Hajiya Rabi, wadda ta fi kowa shekaru da faɗin gida. Ba abinci mai nauyi ake kaiwa ba, ɗan abin taɓawa ne, ƙosai ko ɗanwake ko dambu. Shekarar nan abubuwa sun tsuke, lakwal, wato makaranta, ma a rufe saboda yajin aiki, sai kusan kowa ya koma kwaɗon ganye da ƙuli-ƙuli. Kwanonin duk iri ɗaya ne, wurin mutum guda aka saye su, faifan da aka rufe da shi kaɗai ke nuna mai shi. Na Hajiya mai jan baki, namu mai baƙin saƙa a tsakiya. Mu 'yan mata ke kai su tun da azahar, mu jera a inuwar dogon yaro, mu koma waje wasan carafke.

Laifinmu biyu ne. Baba ya kafa tutar da ba irin ta sauran layin ba, kuma zogalenmu Gwaggo Dije ke kawo shi daga Tsibiri, ita kuwa an san gidansu da bori. Sai magana ta fara yawo a bakin famfo cewa Inna na barbaɗa wani abu a kwaɗo. "Wadda ta ci, ranar zaɓe hannunta da kanshi zai ɗauki takardar jam'iyyarsu." Yau abin dariya ne. A lokacin Inna na da tsohon ciki, danginta suna nesa, kuma macen da ta fita daga ciyayya ta fita daga zumuncin layi. Wa zai zo mata ranar haihuwa? Na zargi kowa. In mace ta gaishe ni da fara'a sai in ce a raina, ke ce. Amma Hajiya na fi zargi, don sai ta miƙa hannu sauran ke miƙawa, kuma ba ta taɓa miƙawa wajenmu ba.

Juma'ar da ta biyo, na iske Hajiya ma kwaɗon zogale ta yi, na lambunan Jiratawa. Na bari kowa ya fita wasa, na koma kamar zan sha ruwa, na musanya faifan biyu. Na koma wasa, dutsen carafke ya yi ta kuɓuce mini.

Da aka zauna, Hajiya ta jawo kwano mai jan faifai, ta yi bismillah, ta kai loma. Mata suka rufa masa. Ina leƙe daga bayan randa na ga ta daina tauna. Mace ba ta jahiltar hannunta, balle ga shi Inna tana soya albasa kafin ta kwaɗa. Ta dubi kwanon, ta dubi ɗayan da aka ture gefe, sannan idonta ya zagaya har ya same ni. Na ce yau asirina ya tonu, na ƙara wa Inna laifi na uku. Sai na ga ta haɗiye.

"Ke ɗiyar nan, miƙo mani kwanon uwarki."

Na miƙa mata nata kwaɗon a ƙarƙashin faifanmu. Ta buɗe, ta ci loma biyu a gaban kowa, ta ce, "Mi kuke jira? Ku sa hannu mana." Suka dubi juna, suka sa. Kafin magariba kwanonin biyu sun zama fayau. Inna ma ta ɗanɗana na ƙarƙashin faifanmu, ta gane, sai a hanya ta murɗe mini kunne tana share ido da gefen mayafi.

Har yau ban san ko Hajiya ce ta fara maganar ba, ko kuwa tsoro ta ji kamar kowa. Abin da na sani, ranar da aka haifi ƙanena ita ta fara shigowa da tulun ruwan zafi, kuma da za ta fita ta ce mini a hankali, "Albasar uwarki ta yi daidai."

Yanzu in za mu yi taro kowa na zuwa da kula mai murfi, da suna a manne, wasu ma saye suke yi a hanya. Ba wanda ke tsoron abincin wani, ba kuma wanda ya san hannun wani. Faifan mai baƙin saƙa yana rataye a ɗakina, bakinsa ya zare. Har yau in na kai abinci taro, kwanon nake fara dubawa kafin fuskokin mutane.