Rabon Kaka na Mazarƙwaila

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa, har sunayen ƙawayena na firamare sai na yi ta lalube. Amma ranar da kakarmu ta wangale bakinta a gaban likita tana nan daram a raina, da ita zan shiga kabari.

Gidanmu gidan mazarƙwaila ne, a wani ƙauye kusa da Kafur. Babanmu yana da rake a fadama, da injin matsa wanda doki ke juyawa. In an sauke dahuwa ta daskare, kowa a gidan yana da rabonsa, amma ƙanena shi rabo biyu yake ci: nasa da na kaka. A shekarun fari da yunwa aka haife shi, bayan yara biyu na gidanmu sun rasu a rame, sai kaka ta ci alwashin wannan kam ba zai rame a gabanta ba. Kokonsa da mazarƙwaila, furarsa da mazarƙwaila, in zai kwanta ta cusa masa gutsure a kunci. Kafin ya kai sha biyu ya zama abin kallo. Ran Lahadi in an tashi daga majami'a, mata sai su riƙa taɓa damtsensa suna yi wa kaka barka. Mu muna tsokanarsa da buhun auduga, ita kuwa "maigidana" take ce masa.

Duk kallon nan ba wanda ya leƙa bakinsa. Ya koma tauna da gefe guda, in zai yi dariya ya kare baki da hannu, muka ɗauka yanga ce. Sai da kuncinsa ya kumbura aka kira wanzami, ya turara masa hayaƙi ya ce tsutsa ce. Kumburin bai ji ba, ya rufe masa ido ɗaya, ya gangara wuya, ko ruwa ya daina wucewa. Baba ya tare motar auduga muka nufi asibiti a Malumfashi, ni da kayan jinya, kaka rungume da kansa a cinyarta.

Likitan ya ce da an ƙara jinkiri, da kumburin ya toshe masa numfashi. Aka tsaga aka fitar da ruwan ciwo, aka yi ta allura. Da bakin ya fara buɗuwa likitan ya kira mu ya haska mana. Ban taɓa ganin irinsa ba: turamen haƙoransa duk sun zama ramuka baƙaƙe, dasashi ya yi jawur. Ya dubi kaka ya ce, "Mama, ƙibar nan da ruɓewar nan ta ƙofa ɗaya suka shigo. Me yaron nan yake ci?"

Kaka ba ta da haƙurin a taɓa maigidanta. Ta ce, "Kai ɗan nan, kada ka ɗora wa abinci laifi, jifa aka yi masa don an ga ya yi kyau. Mu a zuriyarmu ba mu san ciwon haƙori ba. Duba nan!" Ta wangale baki.

Ni da na tashi a ɗakinta, sai ran nan na ga bakin kaka da kyau. Tsohuwar da ta ga zuwan jirgin ƙasa Funtuwa, amma haƙoranta reras, farare tas, ko ɗaya bai girgiɗa ba. Likitan ma ya daɗe yana kallo, har ya yafito ma'aikaciyar jinya ta zo ta gani. Sannan ya tambaya a hankali, "Mama, ke kina shan mazarƙwailar?"

"Ni? Ina ni ina ita? Tun yana goye nake ba shi rabona."

Na ga maganar ta fita daga bakinta ta dawo ta shiga kunnenta. Ta dubi ƙanena a kwance, ta kai yatsa ta shafa haƙoranta, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Ashe ni na riƙe lafiyar, na miƙa masa ciwon."

Ƙanena ya rayu, amma ya bar turamensa huɗu a asibitin. Da muka koma gida kaka ta karɓi rabonsa da nata ta riƙa kaiwa kasuwa, ta yanko masa asuwaki, in ya yi kuka ta juya baya ta yi nata. Jikinsa ya sauka sannu a hankali. Lokacin sabuwar masara na sha ganin su a gindin rumbu, tsohuwa tana ɓantaro gasasshiyar masara da haƙoranta, tana dandaƙa wa yaro don ya iya ci.

Abin da na koya ran nan shi ne, hannun da ya fi son ka ma yana iya miƙo maka cuta. Yanzu in an kawo mini jika ana yabon kumatunsa, sai in ce madalla, sannan in ce masa ya buɗe baki in gani.