Faifan da Yaya Ya Ba Ɗan Farinsa

Yayana ne ya koya mini jin kiɗan bes, kuma ba da son raina ba. Da na zo Amurka karatu a gidansa na sauka, a wani bene a Silver Spring, jihar Maryland, da na gama kuma na sami aiki a Germantown, kusa da ofishinsa. Saboda haka kullum a motarsa nake zuwa aiki, har bayan na yi aure na kama nawa gidan a bayan layinsu. Da safe mu arewa muke yi a kan titin 270, muna kallon masu shiga Washington a ɗaya hannun sun cushe ba gaba ba baya. Faifai ɗaya ne tak a motar nan, kuma ba a canza shi.

Faifan na wani Bature ne, makaɗin bes a wata tsohuwar ƙungiyar rok, irin waɗanda waƙarsu guda kan cinye rabin tafiyarmu. Bes ita ce jitar nan mai kaurin tsirkiya, wadda muryarta ke can ƙasa, ƙirji ne ke fara jin ta kafin kunne. A ƙungiya mai kaɗa ta a baya yake tsayawa, kusa da mai ganga. To shi wannan bawan Allah, wata shekara da abokansa suka tafi hutu, sai ya je ya yi faifai nasa na kansa. Yaya ya tsince shi a shagon tsofaffin faya-fayai tun yana ɗalibi, kafin iyalinsa su biyo shi.

Ranar da na fara ji na ce masa wannan ai injin niƙa ne. Ko kallona bai yi ba. Ya ce in daina bin muryar mutumin, in bi abin da ke ƙarƙashinta. Gaskiya muryar ba abar bi ba ce. Siririya ce, in ya ja ta sama har tausayi yake ba ni, kuma har yau ban san me yake faɗa ba. Amma bayan 'yan watanni sai na kama kaina ina jiran waƙa ta huɗu. Ita babu murya ko kaɗan. Bes ce ke buɗe ta ita kaɗai, da wani zagaye mai bugu bakwai, wanda in kunnenka ya saba da huɗu-huɗu za ka ji kamar an zare maka matakala ɗaya a bene. Tana ta maimaita shi har ka daina tuntuɓe, sannan sarewa ta shigo ta sama, ganga ta biyo baya, ita kuwa tana nan ba ta gusa ba. Can tsakiya sai kowa ya yi shiru a bar mata fili, ta hau sama inda ba a san ta da zuwa ba, tana gurnani, har kana jin gogar yatsun mutumin a kan tsirkiya, sannan ta gangaro ta koma zagayenta kamar ba ita ba. Shekaru nawa ke nan, amma in an zo wurin nan sai tsikar jikina ta tashi. Ina son faifan nan har da kurakuransa, har da waƙar ƙarshe da ya cika ta da goge ya rasa inda zai tsaya.

Yaya ba mai magana ba ne. Injiniya ne, in ya ce "to" ya gama jawabi. Abokansa na masallaci ba su san da zaman faifan ba, don in zai rage wa wani dattijo hanya ranar Juma'a, kafin a buɗe ƙofa ya kashe. Ni kaɗai da iyalinsa muka san yadda babban yatsansa ke bugun sitiyari in waƙa ta huɗu ta kama, yana ɗan gunji a maƙoshi wanda sai na kusa da shi ne zai ji.

Kaya kaɗan Yaya ya zo da su daga gida, amma alkunyar ɗan fari ya zo da ita cif. Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan Yaya ba, kuma Yaya bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, don duk layinmu haka ake yi. Shi ma da aka haifa masa ɗa namiji sai ya ɗora daga nan. "Yaron nan" yake ce masa, ko "wancan". In yana son ya aike shi sai ya gaya wa uwar, ko ni, ko da yaron na tsaye a wurin. Ita matar Yaya ta ajiye tata kunyar tun yaron na ajin farko, don ba a yin ta a gaban malamar makaranta. Shi kuwa ko a asibiti aka tambayi sunan yaro, kati yake miƙawa. Ranar da yaron ya gama jami'a iyaye suna ta ƙwala sunayen 'ya'yansu har da tsalle, Yaya ya tafa a hankali ya mayar da hannu aljihu. Ga kuma autarsu, mace, wadda yake kira da suna har da na shagwaɓa, yana ɗaukar ta a kafaɗa a gaban kowa. A Kano wannan ba labari ba ne. A Silver Spring yaron yana gani yana ajiyewa.

Ni ne abokin hirarsa tun yana ƙarami. Baffa yake ce mini, in yi masa Hausa ya mayar mini da Turanci, kamar yawancin yaran da suka tashi a nan. Da ya sami aiki a can gaɓar yamma, inda sai an wuni a jirgi, na je taya shi haɗa kaya wata Asabar da rana. Muna cikin naɗe kwalaye ya tambaye ni ko na taɓa jin ubansa ya faɗi sunansa. Na gyara zama zan fara bayani, ya tare ni. Ya ce ya sani, uwarsa ta sha gaya masa al'ada ce, amma sanin bai taɓa rage masa komai ba. Ya ce akwai aiki a nan kusa, da gangan ya zaɓi na nesa. Ya ce kada a sa ran zuwansa da Sallah, zai riƙa kiran uwarsa a waya, haka ma ya isa. Ba da fushi ya faɗa ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Ranar Litinin a hanya na kwashe duka na gaya wa Yaya. Ya ce ai yaron ya san al'ada ce. Washegari da yamma, da ya tsaya a ƙofar gidana, sai ya danna maɓalli faifan ya fito. Tun da nake shiga motar nan ban taɓa ganin sa a waje ba. Ya buɗe aljihun gaban mota ya ciro kwalinsa, wanda ya tsage a gefe an liƙe shi da salatif, ya goge faifan da hannun rigarsa, ya sa a ciki, ya miƙo mini.

"Ka ba yaron nan," ya ce.

Na ce ya ba shi da kansa mana, ai gida ɗaya suke kwana. Ya zuba wa titi ido har na gaji na fita.

A lissafin Yaya, ya gama magana. Ya ba da abin da bai taɓa ba kowa aro ba, me kuma ya rage? Abin da bai hango ba shi ne yaron bai taɓa ganin kwalin nan ba. Sautin kawai ya sani, daga kujerar baya, lokacin da ake kai shi Islamiyya ranar Asabar, kuma tun da ya girma ya toshe kunnuwansa da nasa kiɗan. Ban da haka ba shi da abin da zai sa faifai a ciki, ko a mota ko a kwamfuta. Da na miƙa masa na ce daga babansa ne, ya juya shi gaba da baya, ya yi wata 'yar dariya, ya ce wasu agogo ake ba su, shi kuma an samu inda za a zubar da tarkacen mota. Na buɗe baki, ya ce don Allah in huta da aikin tafinta. Ya jefa shi a kwalin kayan da za a kai sadaka. Da ya juya baya na ciro na sa a aljihu. Raina ya ɓaci da su duka biyun, na rasa wanda ya fi taurin kai.

A filin jirgi Yaya ne ya ɗauki akwatin da ya fi nauyi. Da aka zo rabuwa ya ce Allah ya tsare, idonsa na kan allon tashin jirage.

Daga nan motar ta yi shiru. Kaka ta wuce, hunturu ya shigo, muna tafiya muna dawowa ba abin da ake ji sai ƙarar taya. Na ce masa ai faifan yana cikin waya, ni ma a nan nake jin sa yanzu, in jona masa. Ya ce ba sautin ba ne. Na ce ashe kunnensa ya fi na kowa a Maryland, ya basar. Bai tambaye ni ko yaron ya karɓa ba, ni ma ban gaya masa yadda aka yi ba. Faifan na cikin durowata, ƙarƙashin safa. Yaron kuwa ya cika maganarsa, duk Lahadi yana kiran uwarsa, ita kuma ta juyo ta ce wa Yaya yana gaishe shi, ko ya gaishe shi ko bai gaishe shi ba.

Wajen ƙarshen hunturu, wata rana muna dawowa daga aiki da sauran rana, aka yi haɗari a gaba. Yaya ya ce in jona wayata da motar taswira ta nuna mana wata hanya. Muna cikin haka kira ya shigo, sunan yaron ya fito ɓaro-ɓaro a allon motar. Na amsa, kuma kafin in ce ga wanda ke kusa da ni ya riga ya fara zuba. Ya ce wani kiɗa ne ya maƙale masa a ka kwana da kwanaki, wanda ake sawa a motar babansa, mai kaurin nan. Ya nema ya rasa, don ba shi da kalma ko ɗaya da zai rubuta. Ya ce jiya a danja ya ga babban yatsansa na bugun sitiyari, har ya ji haushin kansa. Ko na san sunan abin? Sai ya fara rerawa da baki, dum-dum-dum. Waƙa ta huɗu ce, sai dai ya cike ta ta koma takwas.

Na saci kallon Yaya. Hannayensa biyu na kan sitiyari, ya riƙe shi gam. Yaron ya sake zagayowa, ya sake yin kuskuren.

"Ka ce masa bugu ɗaya ya yi yawa," in ji Yaya. "Bakwai ne."

A nan ne yaron ya gane babansa na jin sa. Sai Yaya ya gyara murya ya fara rera zagayen da kansa, a fili, da ƙarfi, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Muryarsa ba ta fi ta mai faifan daɗi ba. Ya yi ya sake, ya yi ya sake. Can sai na ji yaron ya biyo shi daga ɗaya ɓangaren, ya yi tuntuɓe, ya sake kamawa, har suka daidaita. Ni ina tsakiya riƙe da waya, na juya ina kallon motocin gefe don kada su ga fuskata, ko da yake ɗaya ba ya ganina, ɗayan kuma ba ya kallona.

Da suka tsaya Yaya ya ce mini, ashe faifan yana wurina ke nan. Na ce yana wurina. Yaron ya tambaya a hankali ko shi ne wanda na kawo masa ranar haɗa kaya, na ce shi ne. Sai ya ce ko zan iya aiko masa.

"Ka ce masa ba a aika faifai ta gidan waya," in ji Yaya. "Karyewa yake yi."

Duk mu ukun mun san ba haka ba ne. Ban maimaita saƙon ba, na bar shi a yadda ya fita. Sai yaron ya amsa, ba ni ya amsa wa ba, kuma da Hausarsa mai ɗingishi wadda rabona da jin ta tun yana firamare.

"To, Baba. Zan zo da Sallah."

Yaya ya ce to. Taswirar ta yi ta kiran mu karya dama, ya wuce mahaɗar bai ji ba, mutumin da bai taɓa ɓatan hanya ba, sai da muka yi dogon zagaye kafin mu iso Silver Spring.

Washegari da safe na zo masa da faifan, na miƙa hannu zan sa a rediyo, don wallahi na yi kewar jin sa a motar nan. Ya karɓe daga hannuna, ya duba liƙin kwalin, ya mayar da shi aljihun gaban mota ya rufe.

"Ba nawa ba ne yanzu," ya ce, ya tayar da mota.