Kawu Daga-Baya da Hoton Habu

Duk wanda yake cikin wannan zaure namu na waya, zauren 'yan ƙasar Randagi, ya san abin da Juma'a take kawowa. Ana saukowa daga masallaci, kafin ka kai loma baki, sai waya ta kama ƙara babu ƙaƙƙautawa. Ba sai ka duba ba, Kawu Sale ne ya kunna data. Sau ɗaya yake kunna ta a mako, wai data kamar kalanzir ce, ba a barin ta tana ci a banza. Zai zauna kan benci a ƙofar gida, ya ɗora tabaran nan nasa mai ɗaurin zare, ya koma daidai inda ya tsaya makon jiya. Ba ya tsallake saƙo ko ɗaya. Mu kuwa kullum muna cikin zuba, shi ya sa yake wata da watanni a bayanmu, har aka laƙaba masa Kawu Daga-Baya.

Ni ce Hajara, 'yar yayarsa, kuma ni ake kawo wa ƙararsa. Na sha yi masa magiya.

"Kawu, don Allah ka sauko ƙasa ka ga abin da ake ciki yau mana."

"Ke! Shekarata nawa ina injin niƙa a ƙauye kafin mutanen daji su koro mu Birnin Gwari? Kwanon da ya fara zuwa shi ake fara niƙawa. Ko matar mai unguwa ce sai ta bi layi."

Akwai dai kwano ɗaya da bai taɓa barin gaban layin ba, wato hoton yayana Habu da muka saka a zauren muna cigiya. Ɗan acaɓa ne, aka tare shi a hanyar Gayam aka shige daji da shi. Ba a kira mu neman kuɗin fansa ba, ba a kuma kawo gawa ba. Matarsa Rabi tana zaune, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Inna ta ƙi karɓar gaisuwar kowa. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara ɗan darawa tukuna, ko ma samu ƙarfin jin sauran.

Kun tuna auren ɗan gidan Alhaji mai taki? An ɗaura, an sha biki, damina ba ta fita ba auren ya watse, dangi biyu ba sa ko ga-maciji, kuma duk suna cikin zauren. Ana cikin wannan zaman ɗar-ɗar sai ga muryar Kawu a ƙarƙashin hoton ango da amarya, har da gyaran murya: "Masha Allah! Kai, sun dace! Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki!" Na bar tukunya a wuta na ruga wajensa.

"Kawu, auren nan fa ya mutu tuni!"

"A wajenku. Ni yau aka ɗaura. In na iso wajen sakin zan jajanta."

Wallahi ya kuwa jajanta. Sai dai kafin ya iso wajen, an yi sulhu yarinya ta koma ɗakinta har da ciki. Ranar sai da uwar amarya ta fita daga zauren.

Wata Juma'ar kuma muka ji ya amsa gaisuwar marigayi Malam Garba tela, wanda aka harbe a mota a hanyar Kaduna. Malam Garba ya bar saƙon barka da Juma'a kafin tafiyar tasa. Sai ga Kawu cikin fara'a: "Barka kadai, Malam Garba. Ya iyali? Ya ɗinki?" Na je na same shi a kan bencinsa.

"Haba Kawu! Da kai fa aka binne shi. Kai ka shiga ramin!"

"Na sani, ba hauka nake ba. Amma sa'ad da ya gaishe ni yana da ransa. In je lahira ya ce na share shi?"

Wanda ya fi muni shi ne na ranar da gari ya watse. Kun san dai zauren nan ba don hira kaɗai muke riƙe da shi ba, da shi muke sanin hanyar da za a bi da wadda za a ƙaurace wa. Can baya wani ya taɓa turo murya yana haki cewa mutanen daji sun fito ta bakin rafi, kowa ya yi ta kansa. An gudu a lokacin, an dawo, har an manta. Ranar da Kawu ya iso kan saƙon nan, sai ya jawo shi ya ƙwala ihu a kai: "Innalillahi! A kwashe yara! A kwashe yara!" Wa zai tsaya duba kwanan wata? Unguwarmu ta hargitse. Mai ƙosai ta bar kasko a wuta, wani ya goya buhun barkono a zaton ɗansa ne, wata tsohuwa ta faɗi ta karye a hannu. Shi kuwa gogan yana kan bencinsa yana kallon masu gudu, har yana tambayar su ko lafiya.

Da yamma Malam Bulus, malamin firamaren nan da ke riƙe mana da zauren, ya zo da takalmi wari ɗaya, ɗayan ya bar shi a kwata.

"Baba, da girmanka, ka ga abin da ka jawo? Daga yau an kafa doka. Maganar da ta wuce ta wuce, ba a tono ta."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin ya ji kunya irin ta ranar ba, da ƙafarsa ya je ya duba tsohuwar da ta karye. Ya yarda duk saƙon da zai amsa zai fara da cewa, "Tsohon zance ne, kowa ya zauna." Haka ya riƙa yi har ya bar duniya, ko da amin kawai zai ce.

"Saura hoton Habu, Baba," in ji Malam Bulus a hankali. "Mutane suna ƙorafi. Duk mako kana tayar musu da hankali."

"Wannan ba tsohon zance ba ne, Malam. Tambaya aka yi, wa ya gan shi? An amsa?"

"To in ka ci gaba, dole in cire ka."

"Cire ni. Sai in wanko hoton, in zo ƙofar makarantarku in tsaya da shi a hannu."

Bai cire shi ba. Kowace Juma'a, kafin Kawu ya taɓa kowane saƙo, sai ya hau can sama ya jawo hoton Habu sanye da rigarsa ta ruwa, ya ce, "Jama'a, har yanzu muna cigiya." Da farko ana amsawa da Allah ya bayyana, daga baya aka daina. Wasu hotunan sun zo bayan nasa, na wasu 'ya'yan, su ma sun nutse a ƙarƙashin tallan atamfa da gardamar ƙwallo. Ni kaina na tsani Juma'a, don Inna tana jin muryarsa a wayata sai ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Na same shi na zazzage masa.

"Kawu, kashe Inna kake yi da sannu!"

"Bar ta ta yi kukan. Ranar da hoton nan ya nutse, an daina neman sa ke nan. Ke kin ga gawa? To ni ma ban gani ba."

Ana nan, wata Juma'a wani makiyayi mai suna Umaru, wanda shi ma ya daɗe a hannun mutanen kafin Allah ya kuɓutar da shi, ya shigo gari ya kai wayarsa caji. Mai shagon ɗan zaurenmu ne. Yana duba tasa wayar sai hoton ya faɗo, Umaru ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Tsaya. Wannan ai na san shi."

Malam Bulus ne ya rako shi gidanmu. Umaru ya durƙusa gaban Inna, ya faɗi tabon ƙunar salansar babur da ke ƙafar Habu, ya faɗi sunan 'yarsa. Ya ce zazzaɓi ne ya kama shi da damina, bai jima ba ya cika. Su da ke tsare tare da shi suka roƙa aka bar su suka yi masa salla, suka haƙa masa a gindin wata ɗorawa. Inna ta dube ni ta ce a shimfiɗa tabarmi, a buɗe ƙofa. Ranar ta karɓi gaisuwa, malamai kuma suka gaya wa Rabi matsayinta.

Saƙon da Kawu ya ɗora a ƙarƙashin hoton har yau ban iya sauraron sa har ƙarshe ba tare da na ajiye wayar ba. Ya ce, "Jama'a, an amsa. Habu ya riga mu gidan gaskiya, an kuma yi masa salla. Malam Bulus, daga yau duk wanda ya sake tono hoton nan, ka cire shi. Ko ni ne."

Bai yi nisa ba bayan haka. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi da kaka, ya cika a kan gadonsa, a gaban 'yan'uwansa, abin da ya zama gata a ƙasar nan tamu.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya haɗa shi da Habu a gidan rahama. Waɗanda har yanzu suke daji, da iyayen da ke jiran labarinsu, ya Allah ka dube su, ka ba kowannensu mai cigiyar da ba ya gajiya. Amin.